Tun da maigidana ya rasu bakina ya ƙi addu'a: bangaskiyata ce ta mutu?

Wata 'yar'uwa daga ƙasar Malumfashi ta aiko mini da wannan, na taƙaita: "Baba, maigidana ya rasu wata takwas ke nan, ciwon hanta ne. Ya bar ni da yara huɗu. Lokacin jinya mun yi azumi, ikilisiya ta yi addu'a, har wani mai annabci ya zo gida ya ce ba zai mutu ba. Ya mutu. Tun ranar da aka binne shi na kasa addu'a. In na durƙusa, abin da ke zuwa bakina shi ne 'don me?' Na daina zuwa Zumuntar Mata, domin ba na iya jin waƙa. Wata ta ce mini mai bi ba ya irin wannan baƙin ciki, wata kuma ta ce da bangaskiyata ta kai da ya tashi. Ina jin haushin Allah, kuma ina tsoron abin da nake ji. Yaya zan yi addu'a? Zunubi nake yi? Bangaskiyata ce ta mutu?"

'Yata, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da ke da yaran. Ba zan ce miki "ya ƙarin haƙuri" ba, na san kin amsa wannan da "da godiya" har bakinki ya gaji.

Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Dubi abin da kika rubuta da hannunki: kin ce in kin durƙusa "don me" ke zuwa bakinki. To wa kike yi wa tambayar? Ba bango ba, ba katifa ba. Wanda ya fid da rai da Allah ba ya durƙusawa ya tuhume shi, tashi yake yi ya kama harkar gabansa. Ke kuwa wata takwas kina komawa ƙofa ɗaya kina buga ta. Abin da kike kira kasa addu'a, a Littafi Mai Tsarki addu'a ce mai suna, makoki, har akwai littafi guda da aka raɗa wa wannan suna. Laifinmu ne mu masu wa'azi da ba mu koya muku ita ba, kuma ina cikin masu laifin.

A 1996, shekarar annobar sanƙarau da ta ci mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a nan Arewa, ina fasto a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye. 'Yarmu ta biyu, mai shekara 6, ta kwanta da zazzaɓi ran Talata, ran Laraba wuya ya ƙage, ran Juma'a da asuba muka rufe ta da zane. Ista ta faɗo 7 ga Afrilu a wannan shekarar, kwana tara bayan mun binne ta. Na hau bagade na yi wa'azin tashin matattu, muryata ko rawa ba ta yi ba. Da aka tashi sujada dattawa suka riƙa kama hannuna suna cewa, "Fasto, kai dutse ne." Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba. Na koma gida na tarar da silifas ɗinta a bakin ƙofar ɗaki, ɗaya a kife, yadda ta cire su ranar da ta kwanta. Uwarta takan share tsakar gida ta kewaye su da tsintsiya, ba ta taɓa su, ni ma ban taɓa ba, kuma ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Daga wannan rana na yi wajen wata biyu ina yi wa jama'a addu'a a majami'a, a bikin aure, a suna, a jana'iza, amma in na shiga ɗaki ni kaɗai ba ni da kalma ko ɗaya. Saboda haka ba daga kan bagade nake ba ki amsar nan ba.

Bari mu fara da haƙuri, tunda shi aka fi jifan ki da shi. Mu Hausawa, Kirista da Musulmi, mun tashi muna jin "haƙurin Ayuba". In aka faɗi haka, hoton da ke zuwa mana shi ne na mutum zaune cikin toka, kai a sunkuye, baki a rufe. Hoton nan daga sura biyu na farko kawai aka ɗauko shi, inda ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. Wannan ayar ce muke karantawa a kowace jana'iza, sai mu rufe littafin. Alhali littafin Ayuba sura 42 ne. Buɗe sura 3: mutumin nan ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi, ya ce da ma a ciki ya mutu. A sura 7 aya 11 ya ce ba zai kame bakinsa ba, zai yi magana cikin ɗacin ransa. A sura 10 ya dubi Allah ya ce masa ya faɗa masa dalilin da yake gāba da shi. Haka ya yi ta yi har sura 31. Da a zaman makokinki wani ya faɗi rabin abin da Ayuba ya faɗa, da an yi waje da shi.

Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da farko sun yi abin kirki. Kwana bakwai dare da rana suka zauna a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce kome, domin sun ga ciwon ya yi yawa. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace. Kuma ki lura, ba maganar banza suka yi ba, tauhidi suka zuba, mai tsari, mai aya: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, saboda haka Ayuba, bincika kanka, akwai abin da ka yi. Ayuba ya kira su likitocin wofi, ya ce da za su yi shiru da shi ne hikimarsu. A ƙarshe da Allah ya yi magana, wa ya tsauta wa? A sura 42 aya 7 ya ce wa Elifaz fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ya sake maimaitawa a aya 8. Masu kare Allah su aka ce su kawo hadaya, mai ƙorafi kuma shi aka ce ya yi musu addu'a. Na yi shekaru ina koyar da wannan littafi kafin in ga nauyin wannan wurin.

Gaskiya ne Ayuba ma ya ƙasƙantar da kansa bayan Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa, ya ce ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa. Amma duk tsawon surori 38 zuwa 41 Allah bai faɗa masa dalilin mutuwar 'ya'yansa goma ba. Ya nuna masa kansa, bai ba shi bayani ba. Ina faɗa miki wannan tun yanzu don kada ki zauna jiran ranar da za a warware miki dalili. Ni shekara kusan talatin ke nan, ban samu ba. Kalmar da Yakubu ya yi amfani da ita game da Ayuba a wasiƙarsa, sura 5 aya 11, a Helenanci, ma'anarta jimiri, wato mutum ya tsaya ƙarƙashin kaya bai gudu ba. Mai ɗauke da buhu a ka yana iya nishi, yana iya cewa "wayyo wuyana", yana nan dai ɗauke da shi. Mu ne muka haɗa haƙuri da shiru, saboda kunya da kara da muka gāda, irin wadda ke hana uwa kuka a fili in ɗan farinta ya mutu. Al'ada ce, tana da kyanta a wurare da yawa, amma kada a ɗora miki ita da sunan Nassi.

Yanzu Zabura. Guda 150 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 ta fara da "har yaushe" sau huɗu a jere. Zabura 6 ta mutum ce da ya jiƙa shimfiɗarsa da hawaye kowane dare. Yawancinsu kafin su ƙare sukan juyo ga yabo, shi ya sa masu wa'azi ke son su, a yi sauri a wuce kukan a kai ga "amma". Sai dai akwai Zabura 88, ta Heman. Ita ba ta juyowa. Ta fara da kiran Ubangiji Allah na ceto, ta yi ta gangarawa: ka jefa ni cikin rami mai zurfi, ka raba ni da abokaina, don me ka ɓoye mini fuskarka. A Ibrananci kalmar ƙarshe ta wannan zabura ita ce "duhu". Ba "amin" mai daɗi, ba alkawari. Kuma Ruhu Mai Tsarki ya ga ya dace a sa ta cikin littafin waƙoƙin sujada na jama'ar Allah, a rera ta a haikali. In Allah ya ajiye wa masu bi addu'ar da ta ƙare da duhu, ai ya san akwai dararen da bayinsa ba za su iya kaiwa ga yabo ba, ya kuma ba su kalmomin da za su zo masa da su a hakan.

"Don me" ɗin da kike jin tsoro, Ubangijinmu da kansa ya faɗe ta. A kan gicciye, wajen ƙarfe uku na rana, ya ɗaga murya da farkon Zabura 22: Allahna, Allahna, don me ka yashe ni? Markus ya ma ajiye mana ita da harshen da ya faɗe ta. In tambayar zunubi ce, to marar zunubi ya yi ta.

Wadda ta ce miki mai bi ba ya irin wannan baƙin ciki, ina jin 1 Tasalonikawa 4:13 take nufi, sai dai rabin ayar ta riƙe. Bulus cewa ya yi kada mu yi baƙin ciki kamar sauran da ba su da bege. Bai hana baƙin cikin ba, irinsa ya bambanta. Shi kansa, da abokin aikinsa Abafroditus ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, ya rubuta wa Filibiyawa cewa Allah ya ji tausayinsa don kada ya sha baƙin ciki a kan baƙin ciki. Da aka jejjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai zafi, kuma Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, bai ga abin gyarawa a ciki ba.

Wurin da na fi so ki zauna a kai shi ne Yohanna 11 (in Littafinki fassarar 1979 ce, Yahaya za ki gani, mu da muka tashi da tsohuwar ta 1932 bakinmu ya saba da Yohanna). Marta da Maryamu sun aika wa Yesu cewa wanda yake ƙauna ba shi da lafiya. Ya ji, ya ƙara kwana biyu inda yake. Kafin ya iso Bait'anya Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Marta ta tarye shi a hanya ta ce, Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu ma da ta zo, ta fāɗi a ƙafafunsa, kalmomin nan dai ta faɗa. Ina ganin maganar da suka kwana huɗu suna yi a tsakaninsu ce a cikin ɗaki. Kuma ki saurare ta da kunnen mace: wannan ba gaisuwa ba ce, ƙorafi ne. Mun aika, ba ka zo ba. Daidai abin da ke ranki. Yesu bai ce musu "ku tuba" ba, bai ce "ina bangaskiyarku" don ya kunyata su ba. Marta, mai son magana, ya yi magana da ita, har a nan ne ya ce shi ne tashin matattu da rai. Maryamu, mai kuka, bai yi mata wa'azi ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi hawaye. Ya san nan da ɗan lokaci zai kira mutumin ya fito, duk da haka ya yi hawaye. Kalmar da aka yi amfani da ita a aya 33 da 38 game da abin da ya ji a ransa ma ta fi tausayi zafi, ta kusa da huci na fushi. Mutuwa abokiyar gāba ce, haka Bulus ya kira ta a 1 Korantiyawa 15:26. Ba a ce ki yi mata murmushi ba.

Sai maganar ɗaya, cewa da bangaskiyarki ta kai da ya tashi. A nan ba zan yi kara ba. Wannan magana ƙarya ce, kuma mugunta ce ko da mai faɗar ba ta nufi mugunta ba. Dawuda ya yi azumi, ya kwana a ƙasa yana roƙo saboda jaririnsa, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu, dubi 2 Sarakuna 13:14. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Shi ne kuma ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. A Jatsaimani Yesu ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon, ya sha shi. Wa zai ce waɗannan bangaskiyarsu ce ba ta kai ba? Addu'a roƙo ce ga Uba mai iko ya ce i ko a'a. Ranar da aka mai da ita kamar awo a kasuwa, ki kawo mudu kaza na bangaskiya a ba ki lafiya, to an koma tsafi, suna kawai aka sauya. Kuma a ƙarshe wa ake ɗora wa laifi? Kullum gwauruwa ce da marayu.

Shi kuwa mai annabcin, Nassi ya riga ya yanke hukuncinsa a Kubawar Shari'a 18:22: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, Ubangiji bai faɗa ba, izgili ne na mutumin. Ina so ki raba abu biyu a ranki, domin ina zaton wani kashi na haushinki daga nan yake. Allah bai yi miki alkawari ya saɓa ba. Mutum ne ya sa wa Allah magana a baki, ya ci abincinku, wataƙila har ya karɓi na mota, ya tafi. Da yana da tsoron Allah da ya dawo ya durƙusa ya nemi gafararki. Dattawan ikilisiyarku ya kamata su san wannan labari, don kada gobe ya shiga wani gidan.

Game da waƙa, Sulemanu ya riga ki. Karin Magana 25:20 ta ce mai rera waƙa ga mai baƙin ciki kamar wanda ya tuɓe wa mutum riga ne ranar sanyi, ko wanda ya zuba ruwan tsami a kan kanwa. Kalmar Ibrananci da ke wurin kanwa ce sosai, irin wadda kika sani. Ke da kike girki ba sai na yi miki bayani ba: in tsami ya haɗu da kanwa kumfa yake yi ya taso. Haka zuciyarki ke yi in matan Zumunta suka buga tulu suka ɗauki amshi. Ba shaiɗan ba ne, ciwo ne ake taɓawa. Mai Zabura 42 ma da ya tuna yadda dā yake jan jama'a zuwa ɗakin Allah da sowa, tunanin ne ya ƙara karya shi.

A nan ina da ƙorafi a kan ikilisiyoyinmu. Isra'ilawa sun yi wa Haruna makoki kwana 30, Musa ma kwana 30. Masarawa sun yi wa Yakubu, uban Yusufu, kwana 70. Maƙwabtanmu Musulmi, matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, kowa a unguwa ya san halin da take ciki, ba mai sa ran ganin ta a gidan biki. Ban ce mu ɗauko dokar wani mu ɗora wa kanmu ba, a cikin Almasihu ba a ɗaure gwauruwa da kwanaki ba. Amma mu da muka ce mun sami 'yanci sai muka bar ta ba shinge ko kaɗan. A yi jana'iza da mawaƙa da anko, a watse bayan mako guda, Lahadi ta uku a fara duban ko za ta fito ta ba da shaida ta yi rawa zuwa akwatin baiko. In ba ta fito ba a ce ta ja da baya. Wata takwas ba wani lokaci ba ne ga mace da ta rasa uban 'ya'yanta.

Akwai iyaka, kuma zan faɗa miki ita don kada ki ce Baba ya shafa mini mai kawai. Isra'ilawa a jeji sun yi gunaguni, aka hukunta su. Dawuda da Ayuba da Irmiya sun yi ƙorafi mai zafi fiye da nasu, aka rubuta nasu ya zama Nassi. Bambancin ba a zafin maganar yake ba. Na jeji a bayan idon Allah suka yi, a cikin alfarwansu, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar. Su Dawuda kuwa a gabansa suka tsaya suka ce "kai". Kin yi zaman aure, kin san bambancin matar da ta rufe ƙofa ta faɗa wa mijinta abin da ya yi mata, da wadda ta yi shiru tana haɗa kayanta. Abin da nake jiye miki tsoro shi ne ranar da za ki daina tambayar, ki koma yin murmushi a majami'a zuciya kuwa ta ƙulle. Ni wannan ramin na faɗa, ana kirana dutse.

Na'omi ta koma Baitalami bayan wajen shekara goma a Mowab, ba miji, ba 'ya'ya. Matan gari suka fito tarye, ta ce kada su kira ta Na'omi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci, domin Maɗaukaki ya sa ranta ya yi ɗaci, ta fita a cike ya komo da ita hannu wofi. A bainar jama'a ta faɗa. Marubucin bai tsauta mata ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne sun iso a farkon girbin sha'ir, kuma Rut, matar ɗanta, na tsaye a gefenta, wadda a lokacin Na'omi ko lissafa ta ba ta yi ba.

Yanzu maganar jiki, domin ba duka abin da ke damun ki na ruhu ba ne. Iliya ya zauna a ƙarƙashin wani ɗan itace a jeji ya ce, ya isa, Ubangiji, ɗauki raina. Mala'ikan da aka aiko bai buɗe masa aya ba. Gurasa ya ajiye masa da butar ruwa, ya ce tashi ka ci. Ya ci, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan kwana 40 aka yi maganar da za a yi. Kina cin abinci? Kina samun barci? In makonni suna wucewa ba barci, kina ramewa, ba ki iya kula da yaran, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini. In kuwa tunanin ki bi shi, ki kashe kanki, ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi a ranar, a raka ki. Shan maganin likita saboda damuwa bai fi shan maganin zazzaɓi zama rashin bangaskiya ba.

Abu na biyu, kin ce ciwon hanta ne. Na san abin da ake raɗawa a ƙauye in cikin mutum ya kumbura idonsa ya yi ɗorawa: an yi masa sammu, an ba shi a abinci, wani lokaci ma matar ake kallo. Kada ki ba wannan kunne. Yawancin irin wannan ciwo a ƙasarmu ƙwayar cutar hanta ce da likitoci ke kira nau'in B, wadda kan zauna a jiki shekaru ba alama, kuma tana bi ta jini, ta saduwar aure, da daga uwa zuwa jariri. Ki je a gwada jininki da na yaran huɗu. Wanda ba shi da ita akwai allurar rigakafi, sau uku ake yi. Wanda aka samu da ita akwai yadda ake bibiyarsa da magani in an gano da wuri. Wannan ma aikin bangaskiya ne, ki yi shi cikin watan nan.

Kin tambaye ni yadda za ki yi addu'a. Kada ki ƙirƙiro kalmomi. Da dare in yara sun kwanta, buɗe Zabura 88 ko 13 ko 42 ki karanta da murya, a hankali, kamar taki ce. In kin kai wurin da ba za ki iya faɗa ba, tsaya a nan. In ko karatun ya gagara, zauna kawai ki ce, "Ga ni." Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Mutane suna gaggawar kai ki aya 28, cewa kome yana aiki zuwa alheri. Ayar gaskiya ce, za ta jira ki. Bulus ma sai da ya bi ta nishi kafin ya kai can. Kuma kada ki ɓoye wa yaran hawayenki duka. In sun ga kina kuka kina kuma kiran sunan Ubangiji, sun koyi abin da ni ban koya ba sai da na yi furfura. Ki bar su su ambaci babansu a gida, su ba da labarinsa, su yi dariyar abin da yakan yi.

A gidanmu, a wancan lokaci, akwai wata tsohuwa a ikilisiya da ba ta iya karatu ba, ta binne 'ya'ya biyar cikin tara. Kowace la'asar takan zo da ƙwaryar gyaɗa ta zauna kusa da matata a tabarma, su yi ta ɓara. Ba aya, ba nasiha. In matata ta yi kuka sai ta ce "yi abinki", ta ci gaba da ɓara. Ta fi wata biyu tana haka. Ran nan, ana gab da saukar damina, ina ɗaki na ji ta ce wa matata, "Ruwa zai zo ya tafi da takalman yarinyar nan. Ki ɗauka ko in ɗauka?" Matata ta ce ita za ta ɗauka. Ta wanke su, ta naɗe a ɗankwali, ta sa a ƙasan akwati. Da dare ta ce mini, "Malam, ba ka taɓa yi mata kuka ba." A daren ne na fara, kuma abin da na iya ce wa Allah bai wuce abin da kike ce masa ba.

Ki duba cikin Zumuntarku, akwai irin wannan tsohuwar, kusan kowace ikilisiya tana da ita, yawanci a bencin baya take zama. Ita za ki nema, ba masu yawan aya ba. Ranar da kika ji za ki iya, ki bi ta ku je tare, ki zauna kusa da ƙofa. In aka buga tulu zuciya ta taso, ki fita ki sha iska, ba wanda ke bin ki bashin bayani. Ki sake rubuto mini bayan an yi gwajin jinin, ina so in ji sakamakon yaran.